RAID: Yadda Aka Koya wa Kwamfuta Jure Mutuwar Faifai

Hoton da ka ɗora a intanet jiya, da lissafin kuɗin da kake gani a manhajar bankinka, duk suna kwance ne a cikin wasu manyan kwamfutoci da ake kira uwar garke. Kaso mai yawa na bayanan nan yana kan faya-fayai masu juyawa sau dubbai a minti ɗaya, dare da rana, kuma kowane faifai wata rana sai ya mutu. A manyan cibiyoyin ajiya, cire mataccen faifai a saka sabo aiki ne na yau da kullum, kai kuma ba ka ma sanin an yi. Ɗaya daga cikin dabarun da suka sa haka ta yiwu ita ce RAID.

Bari mu koma baya kaɗan. Kamfanin IBM ne ya fara sayar da faifan ajiya a shekarar 1956, a cikin na'urarsa RAMAC. Faranti 50 ne a jere, kowane faɗinsa inci 24, amma gaba ɗayansu haruffa kusan miliyan 5 suke ɗauka. Da ƙyar hoto ɗaya ko biyu na wayar yau za su shiga. Shekaru talatin da suka biyo baya hanya ɗaya aka bi: in kana da bayanai masu muhimmanci, sai ka sayi ƙaton faifai mai tsada, ka dogara da ingancinsa.

Zuwan ƙananan kwamfutoci a shekarun 1980 ya cika kasuwa da ƙananan faya-fayai masu araha. Nan ne masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Randy Katz da Garth Gibson, wanda ɗalibin digiri na uku ne a lokacin, suka yi tambaya: me zai hana a haɗa ƙananan da yawa su yi aikin babban? A takardar da suka gabatar a 1988 sun kwatanta IBM 3380 mai ɗaukar megabayit 7,500 da wani ɗan ƙaramin faifai na kamfanin Conner mai megabayit 100. In ka jera ƙananan 75 ka kamo babban a yawan ajiya, ka kuma fi shi sauri, tunda faya-fayai da yawa ne ke karatu a lokaci guda.

To, ga inda gizo ke saƙar. Masu ƙera ƙaramin faifan sun ce a matsakaici yakan yi awa 30,000 kafin ya lalace, wato shekara uku da 'yan watanni. Idan ka haɗa guda 100, sai ka raba 30,000 gida 100: awa 300. Duk ƙasa da mako biyu ke nan ka sa ran ɗaya zai mutu, kuma in bayananka a rarrabe suke a kansu ba kariya, mutuwar ɗaya asarar duka ce.

Mafita mafi sauƙi ita ce ka rubuta komai sau biyu a faifai biyu. Wannan shi ne RAID 1, sai dai rabin kuɗinka ya tafi a kwafi. Ɗaya mafitar ta fi wayo. Ka ɗauka faifai uku na ɗauke da lambobi 4 da 7 da 2, sai ka ajiye jimillarsu, 13, a faifai na huɗu. Na biyu ya mutu? Cire 4 da 2 daga 13, ga 7 ɗinka ta dawo. Kwamfuta da 0 da 1 take yin irin wannan lissafin, amma tunanin ɗaya ne: ƙarin faifai ɗaya tak zai kare sauran. A RAID 5 ana rarraba wannan lissafin kariya a kan dukkan faya-fayan, don kada aiki ya yi wa guda ɗaya yawa.

Ba mutanen Berkeley ne suka fara wannan tunani ba. Wani injiniyan IBM, Norman Ken Ouchi, ya samu rajistar mallakar irin wannan dabara tun 1978. Abin da suka yi shi ne raɗa suna, da jera hanyoyin daga mataki na 1 zuwa na 5, da lissafa riba da hasarar kowanne. Harafin I ɗin nan da farko kalmar Inexpensive yake wakilta, wato mai araha. Daga baya masana'antu suka mayar da ita Independent, mai zaman kansa. Ba abin mamaki ba ne, mai sayar da kaya da tsada ba zai so araha a jikin sunan kayansa ba.

Ni a ganina, wurin da ya fi cancantar ka tsaya shi ne wannan kalma ta biyu. Lissafin 1988 ya ginu ne a kan cewa kowane faifai mutuwarsa daban, ba ruwansa da maƙwabcinsa. Amma faya-fayan da ke akwati ɗaya galibi tare aka saye su, zafi ɗaya suke sha, wutar lantarki ɗaya, girgiza ɗaya. A 2007 Gibson da kansa, tare da Bianca Schroeder, sun duba bayanan faya-fayai kusan 100,000 da ke bakin aiki. Sun gano ana sauya kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari a shekara a wurare da yawa, alhali alƙaluman kamfanoni ba su kai kashi 1 ba, kuma mutuwar ɗaya kan zo kusa da ta wani. A wannan shekarar binciken Google ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na faya-fayan da suka mutu ba su nuna wata alamar gargaɗi ba. Gemun ɗan'uwa ne ya kama da wuta.

Shi ya sa lokacin da ya fi tayar wa mai kula da uwar garke hankali shi ne bayan ya saka sabon faifai. Sai an karanta dukkan sauran daga farko har ƙarshe kafin a sake gina abin da ya ɓata. Faifai mai terabayit 20, a gudun megabayit 200 a daƙiƙa, zai ci kusan awa 28, in ma ba wani aikin da yake yi. A RAID 5, in na biyu ya faɗi cikin awannin nan, shi ke nan.

Yawancin ɗabi'un aikin a yau daga wannan tsoro suka fito. Akan bar faifai ɗaya a jone yana jira, da zarar wani ya mutu ya karɓi aiki ba sai an jira mutum ba. Akan sa na'ura ta riƙa karanta komai lokaci-lokaci don a gano ɓarna da wuri. RAID 6 kuwa lissafin kariya biyu yake ajiyewa, don haka yana jure mutuwar faifai biyu. Amma in ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, ko muguwar manhaja ta kulle bayanai, RAID zai rubuta ɓarnar a duk faya-fayan nan take, don bai san bambanci ba. Wannan sai kwafin da aka ajiye a wani wuri daban.