Tarihin Aron Ilmi, daga Alƙalami zuwa Kwamfuta

Tun zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zaga ƙasar Zamfara yana wa'azi, kafin jihadin 1804, al'adar almajirai ita ce, idan ɗalibi ya sami littafi a hannun malaminsa, sai ya kwafe shi tare da sharhin da magabata suka bari a gefen shafi, domin kada na baya su sake shan wahala a kan mas'alar da aka riga aka warware. A kan wannan tafarki makarantun zaure na Talata Mafara da Bakura da Maradun suka ginu.

Da boko ya kafu, aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga Zariya tun 1939. Amma da kwamfuta ta bayyana, ƙa'idar ASCII ta 1963 alamomi 128 kaɗai ta tanada, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan haruffa, har sai da Unicode ta fito a 1991, Ken Thompson da Rob Pike kuma suka tsara UTF-8, hanyar adana haruffan Unicode, a 1992.

Duk da haka mushkila ba ta ƙare ba, domin a harshen kwamfuta na PHP, wanda aka gina shafukan intanet masu yawa da shi, umarnin strlen yana lissafa ƙ a matsayin biyu, kuma idan aka datse suna kamar Balƙisu ba bisa lura ba, harafin yakan tsage ya zama shirme. Saboda haka masu rubuta manhajar kwamfuta suka riƙa rubuta 'yan gajerun layukan umarni masu ƙirga haruffa daidai, ko masu daidaita 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar, suna sakin su kyauta, tamkar sadaƙatul jariya.

Ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara da ya ari irin waɗannan layuka, kamar yadda almajiri ke kwafar sharhin magabata, ya huta da aikin kwanaki, illa dai akwai sharaɗi: ba dukansu ne aka rubuta don Hausa ba, don haka wajibi ne ya fahimci illar kowane layi, ya jarraba shi da sunayen mutanensa, kafin ya damƙa masa rajistar makaranta ko ta asibiti.