Lamba, dole da kulle: tarihin gardamar rigakafi a Yamai

1. Gabatarwa

Daga ran 17 zuwa ran 19 ga watan Afrilu na shekara ta 2020, samari sun datse hanyoyi da duwatsu, sun ƙona tayoyi cikin unguwanni da dama na birnin Yamai, don nuna ƙin dokar hana fitar dare da ta hana sallar jam'i. Ƴan sanda sun ce sun kama mutum 108 cikin kwanakin nan uku, an kai 10 daga cikinsu gidan kason Kutukale. Masu sharhi da yawa sun ɗora abin kan jahilci ko zafin addini. A ganinmu wannan bayani ya yi gajarta. Cikin wannan ƙasida za mu bi sawun wasu kalmomi ƙalilan, mu nuna cewa gardamar ta girmi korona nesa ba kusa ba, kuma abin da ake ja a kai shi ne wane ne ya ba da umurni, kuma a kan wace cuta.

2. Lamba

Kafin kalmar «rigakafi» ta bazu ta hanyar rediyo, abin da tsofaffi suka sani shi ne «lamba», wasu kuma su ce «shasshawa». Kalmomin biyu suna nuni ga fata: tsagar da ake yi a dantse, da tabon da take bari. Lamba dai a Hausa alama ce ta shaida, irin wadda ake gani jikin mota ko tufafin soja. Wanda aka yi wa lamba, ke nan, hukuma ta gan shi, ta ƙidaya shi.

Wannan ma'ana ta dace da yadda abin ya shigo. Faransa ta wajabta lambar agana a ƙasarta da dokar 15 ga Fabrairu 1902, sannan dokar 14 ga Afrilu 1904 ta shimfiɗa ƙa'idodin kiwon lafiyar jama'a a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Daga 1941 aka wajabta lambar shawara, wadda cibiyar Pasteur ta Dakar ke haɗawa, ana yin ta tare da ta agana cikin tsaga guda. Ma'aikatan lafiya ba su zuwa ƙauye su kaɗai. Kumandan ke aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, a tara mutane gindin itace, a kira su gida gida. Hanyar da kiran haraji da na aikin tilas da na ɗaukar soja ke biyowa, ita ce kiran lamba ya biyo. Ba abin mamaki ba ne idan uwa ta ɓoye ɗanta cikin rumbu. Tun 1914, da annoba ta faɗa Dakar aka shiga ƙona bukkoki da tilasta allura, ƴan kasuwa sun ƙaurace wa kasuwa kwana da kwanaki. Daga wannan rikici ne aka kafa unguwar Madina ta can.

Duk da haka lambar agana ta samu karɓuwa a ƙarshe, don kowa ya san agana, ya ga fuskokin da ta zane da idanun da ta makantar. Gangamin da aka soma a 1967 da bindigar allura ya kau da ita daga Afirka ta Yamma a 1970.

3. Cutar da ke da suna

Sanƙarau ma haka yake. Sunan kansa yana bayyana alamar cutar, wato sanƙarewar wuya, kuma kowa ya san lokacinsa, daga hunturu zuwa bazara. Likita Lapeyssonnie ne, a 1963, ya zana iyakar yankin da cutar ke yawan afka wa, Nijar kuwa tana tsakiyarsa. A 1995 ta kama fiye da mutum dubu 40 a ƙasar nan. Cikin allurar da aka samu gudummawa daga Nijeriya a wannan shekara, ma'aikatan ƙungiyar likitocin MSF sun gano ta jabu, wadda babu magani cikinta, bayan an riga an yi wa fiye da mutum dubu 50. Shekara guda bayan haka kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda duk zai yi magana kan «jita-jita» ya kamata ya fara riƙe waɗannan shekaru biyu a ka.

To amma ga abin lura. A 2015, da wani sabon nau'in sanƙarau ya ɓarke a Yamai har aka rufe makarantu cikin Afrilu, iyaye ne suka yi ta layi a ƙofar kantunan magani, suna sayen allurar da kuɗin aljihunsu. Neman ya yi yawa har ƴan damfara suka sake shigo da ta jabu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da gargaɗi. Jama'ar da ake ce wa masu ƙin allura ke nan.

Shan inna ya sha bamban, kuma sunansa ne ke faɗa mana dalili. Inna, a wurin ƴan bori, iska ce da ke shanye ƙafa ko hannu. Cutar da sunanta ya sa ta cikin sha'anin iskoki, ta yaya ɗigon magani a baki zai tare ta? Sannan ga shi ana bin gida gida da shi kyauta, sau da yawa a shekara, alhali wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar sai ya biya. Daga 2003 zuwa Yulin 2004 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin a Kano, bisa zargin cewa yana hana haihuwa, ba ta komo ba sai da aka kawo wanda aka yi a Indunisiya. Zargin ya ƙetaro iyaka ta bakin masu wa'azi da kasakasai da fatake. Adeline Masquelier, da ta yi bincike a Dogonduci, ta nuna cewa mutane sun ɗauki gangamin a matsayin wata siffa ta ikon gwamnati, gwamnatin da ba a ganinta ran da ake bukatarta.

4. Kulle

Korona ta zo ba ta da suna a Hausa ko a Zabarmanci. An ari sunan Turawa, kuma nan da nan aka laƙaba mata «cutar masu kuɗi». Tun kafin a tabbatar da mutum na farko da ya kamu, ran 19 ga Maris 2020, hukuma ta riga ta ɓata rawarta da tsalle. Ran 5 ga wata an kama ɗan jarida Mamman Kaka Tuda don ya ba da labarin wani da ake zaton ya kamu. Ran 15 kuma aka tarwatsa zanga-zangar ƙungiyoyin farar hula kan kuɗin sayen makamai da aka yi sama da faɗi da su, da hujjar hana taro saboda cutar. Gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, mutane suka mutu, aka tsare su Musa Cangari da Maikul Zodi. Karo na farko da mutanen Yamai suka ga dokar korona tana aiki, a kan ƴan adawa suka gan ta.

Ran 27 ga Maris shugaba Isufu Mahamadu ya ayyana dokar ta-ɓaci, da hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, da killace birnin. Wanda ya san Yamai ya san cewa ƙarfe 7 a wannan lokaci daidai take da kiran magariba. Ya kuma san zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, lokacin da rayuwa ba ta farawa sai rana ta faɗi: mai shayi, mai tsire, mai tuwon sayarwa, da samarin fada duk da dare suke nasu. Kalmar da bakin jama'a ya zaɓa wa wannan hali ita ce «kulle». A Hausa mace ake yi wa kulle, miji ke yin sa. Mai gidan da aka ce ya shiga kulle, kuma aka rufe masa masallaci ana dab da azumi, ya ji abin da fassarar Faransanci ba ta ɗauke da shi.

Mirya, cikin jihar Damagaram, ita ta fara tashi tun ƙarshen Maris. A Yamai unguwar Lazare na cikin inda abin ya fi zafi. Sunan nan, a Faransanci, yana nufin wurin da ake keɓe masu cuta mai yaɗuwa, kuma nan ne aka tara ƴan gudun fari a 1973 da 1974. Ba mu ce wannan ne ya tayar da samarin ba, amma masanin harshe ba ya wuce irin wannan ba tare da ya waiwaya ba. Gwamnati ta sassauta lokacin hana fita kafin azumi, ta buɗe masallatai ran 13 ga Mayu, kwana goma bayan cutar ta kashe ministan ƙwadago Muhammad Ben Omar.

Maganar allura ta zo daga baya, kuma ba ta yi ƙarar da ta yi a Turai ba. Sin ta ba da Sinopharm dubu 400, aka ƙaddamar da gangami ran 29 ga Maris 2021, amma mutane ba su yi tururuwa ba, ba su kuma fita titi ba. Waɗanda hukuma ta lissafa sun kamu a ƙasar duka ba su kai dubu 10 ba, mamata ɗari 3 da ƴan kai, alhali zazzaɓin cizon sauro na kashe dubbai kowace shekara. A Faransa an wajabta wa ma'aikatan lafiya allurar daga Satumban 2021, abin da ya jawo tarzoma a tsibirin Gwadalup cikin Nuwamba. A Nijeriya gwamnatin tarayya ta ce daga 1 ga Disamba ma'aikacinta ba ya shiga ofis sai da shaidar allura ko ta gwaji. A nan kuwa dolen da ya fi tasiri daga Makka ya fito. Da Saudiyya ta sake buɗe aikin hajji ga baƙi a 2022, ta sa allurar korona cikin sharuɗɗa, kamar yadda ta daɗe da sa ta sanƙarau, maniyyata kuma suka je aka yi musu, suka karɓi takardarsu.