Windows XP a Arewacin Togo

Windows XP babbar manhajar kwamfuta ce da kamfanin Microsoft ya fitar ranar 25 ga Oktoba 2001. A Turai da Amurka yanzu ta koma hannun masu sha'awar kayan da, waɗanda ke tayar da tsofaffin na'urori don nishaɗi. A Sokode da Dapaong kuwa da ita aka daɗe ana neman abinci, a shagunan intanet da wuraren buga takardu da makarantun koyon kwamfuta. Rubuce-rubucen da ake da su sun saɓa a kan shekarar da ta daina aiki, kuma kusan dukkansu daga mahangar kamfanin suke kallon lamarin.

Shigowarta

Intanet ta iso Togo a 1997, ta hannun kamfanin CAFE Informatique na Lome da kuma Togo Telecom. Kwamfutocin da suka cika arewa bayan haka galibi na gwanjo ne, waɗanda ofisoshin Turai suka yi wa ritaya. Ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Lome, su bi babbar hanya mai lamba 1 zuwa Sokode, kimanin kilomita 340, sauran su zarce Kara da Mango har Dapaong da ke dab da iyakar Burkina Faso. Ga Sokode wannan ba sabon abu ba ne: unguwar Didaure ta fatake ce tun zamanin fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gonja. Abin da ya canja shi ne kayan yanzu daga teku suke hawowa.

XP ta dace da irin waɗannan na'urori. Mafi ƙarancin abin da take nema shi ne injin sarrafawa mai gudun megahaz 233, RAM megabait 64 da filin ajiya gigabait 1.5. Vista da ta biyo bayanta a 2007 nauyi gare ta, tsohuwar Pentium 4 ba ta iya ɗaukarta ba tare da nishi ba. Shi ya sa ko kwamfuta ta zo da Vista a kanta, sau da yawa mai gyara yakan goge ta ya mayar da XP. Kayan Togo suna zuwa da XP ta Faransanci da kibod mai tsarin AZERTY, na Najeriya da Gana kuwa QWERTY ne da Turanci, abin da kan rikita yatsun ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen.

Sana'ar riƙe ta

Nan ne ainihin tarihin yake, domin ba a aji aka koyi yawancin wannan ilimi ba. A gaban benci yaron shago ke koyonsa daga maigidansa, kamar yadda ake koyon gyaran rediyo.

Darasi na farko fomatin ne, wato goge na'ura a ɗora manhaja sabuwa daga faifan CD. Faifan XP na asali bai san rumbun ajiya na SATA ba. Idan an zo ɗorawa sai ya ce bai ga rumbu ba, ko ya tsaya da shuɗin allo. Hanyar da Microsoft ta tanada ita ce a danna F6 a ba shi direba daga faifan fulofi, a lokacin da fulofi ya riga ya ɓace daga kasuwa. Masu gyara suka gano gajeriyar hanya: a shiga BIOS a mayar da rumbun tsarin IDE, ko a dafa sabon faifai da direbobin a cikinsa. Bayan ɗorawa sai farautar direban sauti da na hoto da na intanet, shi ya sa jakar kowane mai gyara ba ta rabuwa da faifan da ya tara su. XP mai bit 32 ba ta ganin RAM da ya wuce gigabait uku da 'yan kai, don haka wanda ya sayi huɗu ya yi asarar ragowar.

Darasi na biyu bairos. XP tana buɗe duk abin da aka soka mata kai tsaye, kuma filas ɗin ɗalibi ɗaya yakan zaga shaguna biyar a yini. Bairos ɗin da ya fi addabar mutane shi ne mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Shagunan intanet da dama suka koma ga Deep Freeze, manhajar da ke mayar da kwamfuta yadda take da zarar an kashe an kunna, ko me kwastoma ya jibga mata.

Sauran darussan na ƙarfe ne. Ƙurar hunturu tana toshe fanka har injin ya yi zafi ya mutu da kansa. Ɗaukewar wuta tana lalata rumbu. Kwamfutoci da yawa na farkon shekarun 2000 sun zo da kafasito marasa inganci da ke kumbura, sai an cire an yi musu sabon lodi da dalma. Akwai kuma ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogon na'ura. Idan ya mutu kwanan wata ya koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa, mai kwamfuta ya ɗauka babbar cuta ce alhali maganin bai fi kuɗin shayi ba.

Masu buga takardu suna da nasu dalilin riƙe ta. Tsofaffin firinta da sikana da yawa ba a yi musu direban sababbin Windows ba, kuma PageMaker, wadda aka tsaya da ita a fitowa ta 7, a kan XP ta fi zama lafiya. Sannan Times New Roman da Arial da suka zo da XP ba su da ƙ da ɗ da ɓ, ba su kuma da ɖ da ɛ da ɔ na harshen Tem da ake yi a Sokode. Mafita ita ce haruffa na musamman, irin Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a Kano a shekarun 1990. Takardar da aka buga da irinsu takan hargitse idan an buɗe ta a na'urar da ba ta da su, don haka tsohuwar kwamfutar ta zama ma'ajiyar aikin shekaru.

Shekarar da ta mutu

Yawancin littattafai suna ba da 8 ga Afrilu 2014, ranar da Microsoft ta daina tallafa mata. Wasu suna kai ta Afrilu 2019, lokacin da reshenta na injinan kanti, POSReady 2009, ya daina samun gyara. Kamfanin da kansa ya karya ƙa'idarsa a Mayu 2017, ya fitar mata da kariya saboda harin WannaCry. Ga arewacin Togo, 2014 ba ta da wani nauyi, domin yawancin na'urorin dama ba sa karɓar gyaran. Shekarun da suka fi cancanta su ne 2016, da Chrome ta tsaya a fitowa ta 49, da 2018, da Firefox ta janye. Daga nan shafuka suka riƙa rufe mata ƙofa ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da wayoyin Tecno da Itel suka kwashe kwastomomin shagunan intanet. Ta ci gaba da rayuwa ne inda ba a buƙatar intanet.

Magajiya a yankin Dapaong

A 2011 wasu 'yan sa-kai a Faransa suka haɗa Emmabuntüs, wani nau'in Linux mara nauyi, don farfaɗo da kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyar Emmaüs kyauta. Da farko a kan Ubuntu aka gina ta, a 2016 aka fitar da reshe a kan Debian. Ƙungiyar YovoTogo ta Faransa da takwararta ta Togo, JUMP Lab'Orione, sun yi amfani da ita wajen buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun sakandare na arewa, musamman yankin Savanes, inda Dapaong take. Na'urorin dai irin na zamanin XP ne, manhajar ce sabuwa.

Masu sha'awa

Mai son koyon XP yau ba ya buƙatar tsohuwar na'ura. VirtualBox ko 86Box sun isa su kwaikwayi ɗaya a cikin sabuwa. Shawarar da masana suka haɗu a kanta ita ce kada a haɗa ta da intanet. Masu neman na'urar asali a Turai suna biyan kuɗi mai kauri a kan allo mai ƙeya da katin hoto na farkon shekarun 2000, kayan da a Afirka ta Yamma ake fasawa don a ciri jan ƙarfe.