Taba da Mutuwar Fallen Fata a Tiyatar Fuska: Abin da Binciken Ƙetare Yake Nufi ga Zangon Wagadugu

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin binciken da aka wallafa daga 1984 zuwa 2020 a kan illar sigari ga wanda aka ɗaye wa fatar fuska a tiyata, sannan ta auna shi da halin Hausawa mazauna Zango a Wagadugu. Ra'ayinta shi ne, binciken da aka yi domin masu neman ɗame fuska don ado ya fi amfani ga masu neman gyaran fuska don lalura, kuma tambayar da aka saba yi wa majinyaci kafin tiyata ta yi ƙunci ga wannan al'umma.

Gabatarwa

Tiyatar ɗame fuska ba abar da mutumin Zango ya saba nema ba ce. Amma dabarar da ake yin ta da ita, wato ɗaye fallen fata daga naman da ke ƙarƙashinsa a ja shi zuwa wani wuri, ita ce dai ake gyara fuskar wanda ya faɗi da babur, da wanda aka cire wa ƙari, da wanda cutar noma, wadda ake kira zaizayar baki, ta cinye wa kumatu tun yana yaro. Irin wannan aiki ake yi a sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitin Yalgado Ouédraogo da ke Wagadugu, da asibitin noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999.

Yadda illar take faruwa

Likita yakan fara yanka daga gefen goshi, ya biyo ta gaban kunne, ya zagaya bayansa, sannan ya ɗaye fatar zuwa wajen kumatu. Da yin haka ya yanke jijiyoyin jinin da ke hudowa daga ƙasa. Fallen ya koma dogaro da ƙananan jijiyoyin da ke cikinsa, masu ɗauko jini daga gindinsa zuwa bakinsa, kuma bakin da ke bayan kunne shi ne na ƙarshe a layi.

Nikotin yana tsuke waɗannan jijiyoyi. Iskar kabon monoksayid da ke cikin hayaƙi tana riƙe jini fiye da yadda oksijin ke riƙe shi sau ɗari biyu da wani abu, don haka ɗan jinin da ya isa wurin ma ba ya ɗauke da isasshen oksijin. Jensen da abokan aikinsa sun nuna a 1991 cewa bayan shan sigari oksijin ɗin da ke ƙarƙashin fata yakan faɗi, ya zauna a ƙasa minti 30 zuwa 50. Mai shan kwali guda a rana, ke nan, yawancin yininsa fatarsa a cikin ƙaranci take.

Cikin kwanakin farko bakin fallen yakan yi sanyi, ya dushe, ya yi bororo, daga nan ya bushe ya zama baƙin ɓawo. Littattafan tiyata sun siffanta alamar farko da canjin launi, siffar da aka ɗauko daga farar fata. A baƙar fata wannan canji yana da wuyar gani, sai an taɓa an ji sanyin wurin. Kuma raunin da ya buɗe ya daɗe bai warke ba ya fi barin tabo mai tudu, wanda dama ya fi yawa a cikin baƙar fata.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 1984 Rees da Liverett da Guy suka duba tiyatar ɗame fuska 1,186 a Amurka, suka gano mai shan sigari ya fi wanda ba ya sha shiga haɗarin mutuwar fata sau 12.46. Goldminz da Bennett, a 1991, sun bi falle da dashen fata 916, suka ga masu shan kwali guda ko fiye a rana sun fi samun mutuwar fata kusan sau uku. Wannan na biyu ya fi kusa da mu, domin tiyatar lalura ce.

Binciken da ya fi ƙarfi a ganina shi ne na Møller a Danmak, a 2002, ko da yake a kan tiyatar ƙugu da gwiwa aka yi shi. An raba mutum 120 gida biyu, aka taimaka wa rabi su bar sigari mako shida zuwa takwas kafin tiyata. Matsalar rauni ta sami kashi 5 cikin ɗari na waɗanda aka taimaka, da kashi 31 na sauran. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da magana a Janairun 2020 a kan barin sigari aƙalla mako huɗu kafin tiyata.

Tattaunawa

Binciken lafiya mai suna STEPS na 2013 ya nuna kashi 19.8 na 'yan Burkina masu shekara 25 zuwa 64 suna amfani da taba, amma masu shan hayaƙinta kashi 11.3 ne. Tazarar da ke tsakani ita ce matsalar. Dattijuwar da ke sa garin taba da kanwa a bayan leɓe, in aka tambaye ta ko tana shan sigari, za ta ce "Allah ya kiyaye", kuma gaskiya ta faɗa. Saurayin da ke busa shisha shi ma haka, alhali gawayin shisha yana cika jini da kabon monoksayid. Garin taba ba shi da hayaƙi, amma nikotin ɗinsa yana daɗewa a jini, kuma yana zaune ne daidai kan naman bakin da za a ɗinke wa mai zaizayar baki.

Sai kuma kunya. Ganin likita a Wagadugu da Faransanci ko Mosanci ake yin sa, kuma tafinta sau da yawa ɗa ne ko ƙane. Babu magidancin da zai amsa a gaban ɗansa cewa yana sha, balle matar aure a gaban surukarta. Amsar da aka samu a irin wannan zama ba abar gina tiyata a kai ba ce. Gwajin kotinin, wato ragowar nikotin, a fitsari yana tona shan 'yan kwanakin baya, amma keɓewa da majinyaci, da tafintan da ba ɗan gida ba, ya fi araha kuma ba ya ci wa kowa mutunci.

Mai azumi ma yakan ɗauka ya huta da taba a watan Ramadan. Wanda ya jera kara uku bayan shan ruwa bai shiga lissafin mako huɗun nan ba ko da kwana ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Yawancin manyan tiyatun gyaran fuska ayarin likitoci ne ke zuwa su yi cikin 'yan makonni su tafi. In sai ranar da suka sauka za a yi tambayar taba, an makara: ko a yi aikin cikin haɗari, ko mutum ya jira wani zuwan. Ya kamata a yi ta ranar da aka rubuta sunan majinyaci, a ambaci sigari da shisha da garin taba kowanne da sunansa, a haɗa shi da sashen taimakon barin taba na Yalgado. Manna nikotin a fata ba abin gudu ba ne a wannan lokaci, domin Sørensen ya nuna a 2003 cewa bai ƙara ruɓewar rauni ba ga waɗanda suka bar sigari.