Ramin Tassa da Komowar Itatuwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar ya san fako. Ƙasa ce wadda iska ta kwashe yashinta, ta bar ta da tauri kamar daɓe. Ruwan sama yakan sauka a kanta ya wuce. Ƙwayar kalgo ko ta sabara in ta faɗa can, sai iska ta ɗauke ta, ko kuwa rana ta ƙone ta. A jigawa iri yakan tsiro da sauri, amma yashi ba ya riƙe laima. Kwana goma babu ruwa, tsiron ya bushe. Mu da muke zaune a Zogbo, inda ba a haƙa da nisa kafin a tarar da ruwa, da wuya 'ya'yanmu su gane wannan, ko da mun karanta musu misalin mai shuka.

Bayan farin 1973 da na 1984 fako ya yi yawa ƙwarai. An yi ta dashen itatuwa, yawancinsu kuwa suka mutu. A Maraɗi, wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, sai ya koya wa manoma su riƙa barin tohonsu. Amma a fako ko kututture babu. Dole sai an koma ga iri.

Dabarar ta fito daga Yatenga, a Burkina Faso. A can Yakuba Sawadogo, manomi ne wanda ya rasu a 2023, ya gyara tsohon ramin shuka na kakanninsa. Da rani ake haƙa shi, faɗinsa kamar na ƙwarya, a tara ƙasar ta wajen gangare, a zuba taki. Gara takan bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. A 1989 waɗansu manoman Illela ta jihar Tawa suka je suka gani, suka kawo ta gida. Su suna ce da ramin tassa.

Gero suka nufa, mai karatu, amma dubi abin da ya faru. Awaki sukan ci 'ya'yan gawo da na bagaruwa, ƙwayar kuwa tana da ɓawo mai tauri wanda cikin dabba yake tausasawa. Takin da aka zuba cike yake da irin waɗannan. Iska ma ta turo nata, ramin ya tare. Sai ga tsiro uku ko huɗu a wuri guda, gindinsu a inuwa, laima ta daɗe. Amma in aka bar su duka, sai su yi ta ƙwacen ruwa, babu mai girma. Manomi yakan cire raunana ya bar ɗaya ko biyu, a ganina kuwa nan ne gwanintar take.

Ba a daɗe ba, fakon da dā ko kyauta ba a karɓa, aka soma cinikinsa da kuɗi a ƙauyukan Illela.