Madubi Ya Iso, Dawa Ta Watse

Kalmar "safari" da kamfanonin yawon buɗe ido ke tallata farauta da ita 'yar'uwar "safara" ce ta Hausa. Dukansu daga Larabci suka samo asali, daga kalmar da ke nufin tafiya. Bahaushe ya bar tasa ga fatake, Turawan da suka mamaye Gabashin Afirka kuwa suka ari ta Sawahili suka laƙaba wa fita daji da bindiga, da 'yan dako, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Wanda ya tashi sayen irin wannan madubi a Kano a yau zai tarar da shawarwarin da aka tsara don filayen Kenya da Tanzaniya. Tarihin madubin, da na dawar ƙasar Hausa, su ne za su nuna masa abin da zai ɗauka a cikinsu da abin da zai bari.

Farauta ta girmi sarautar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo Barbushe, ɗan zuriyar Dala, a matsayin ƙasurgumin mafarauci mai kashe giwa da sanda. Ko da an ɗebe zuzutawa, labarin shaida ne cewa an taɓa yin giwa a kewayen birnin. Maharbin wancan zamani da magadansa ba su dogara ga gani daga nesa ba. Iliminsu na kusa ne: sanin sawu, da kashin dabba, da mashayarta, da inda iska ta dosa. Makamansu, wato kwari da baka, da mashi, daga baya kuma bindigar toka, ba sa cin dogon zango, don haka gwaninta ita ce iya sanɗa. Sarautun Sarkin Baka da Sarkin Dawa a kan wannan ilimi suka ginu.

A can Turai kuwa, a shekarar 1608 wani mai yin tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta ba shi haƙƙin mallakar wani bututu mai gilashi biyu da ke jawo nesa kusa. Ba a ba shi ba, amma an umarce shi ya ƙera irinsa mai ido biyu, aka kuma biya shi. Matsalar da ta daɗe tana damun maƙera ita ce, gilashin da ke ba da hoto mai faɗi kifa shi yake yi, kuma miƙe shi na buƙatar dogon bututu. A 1854 wani Ba'italiye, Ignazio Porro, ya yi rajistar dabarar sanya dunƙulen gilashi mai kusurwoyi a ciki, wanda ke lanƙwasa haske ya miƙe hoton cikin ɗan gajeren wuri. Kamfanin Carl Zeiss na garin Jena a Jamus, bisa aikin Ernst Abbe, ya fara sayar da irin wannan madubi a 1894. A 1935 kuma Alexander Smakula na wannan kamfani ya gano siririn shafin da ake yi wa gilashi don rage hasken da ke ɓacewa.

Fitowar madubin zamani ta zo daidai da rabon Afirka. Hafsan soja da maharbin Turawa kaya ɗaya suka ɗauko. Lokacin da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sauka Mombasa a 1909, shi da ɗansa sun harbe dabbobi fiye da 500 kafin su kammala tafiyarsu, kuma labarin tafiyar ya sa safari ta zama abin yayi ga masu hannu da shuni. Filin ciyawa ne fetal, inda ake hango garke daga nisan kilomita, kuma bindigar zamani na iya kaiwa inda ido bai tantance ba. Madubi ya zama wajibi a nan, domin shi ke bambance namiji da mace, tsoho da ɗan maraƙi, kafin a ɗana kunama.

Ƙasar Kano ta bi wata hanya dabam. Tun a 1851 Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar da kewayen birnin cike da gonaki da ƙauyuka. Annobar shanu ta farkon shekarun 1890 ba ta tsaya kan dabbobin gida ba, ta haɗa har da ɓauna. Turawa suka ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka ci gaba da sassabe. Wanda ya bi hanyar Katsina ta Bichi zuwa Tsanyawa a yau zai ga sakamakon: gona na jingine da gona, gawo da ɗorawa da kuka tsaitsaye a tsakani, ba saurar da ta kai a kira ta dawa. Farautar da ta rage ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona, ta gayya da karnuka da gora, abin kamunta zomo, da gafiya, da burgu, da fakara. Zomon da ke kwance a gindin kalgo, hancin kare ke tada shi. Madubi ba shi da aiki a nan.

Manyan namun daji sun koma bayan iyakokin da hukuma ta shata. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kare su a 1916, gwamnatin Arewa ta yi tata a 1963. An keɓe Yankari a ƙasar Bauchi a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, kuma a can ne ɗaya daga cikin garkunan giwa mafi girma da suka rage a Nijeriya yake. Jihar Kano tana da dajin Falgore a kudancinta, wajen Tudun Wada da Doguwa. A waɗannan wurare harbi laifi ne. Ita kanta Kenya, mahaifar safari, ta haramta farautar manyan namun daji tun 1977, ko da yake Tanzaniya da Namibiya da Afirka ta Kudu suna ba da lasisi har yanzu.

Da wannan tarihi ake karanta lambobi biyun da ke jikin kowane madubi, misali 8x42. Ta farko ita ce ninkin jawowa: abin da ke nisan mita 800 zai bayyana kamar yana mita 100. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato ƙofar da haske ke shiga. Idan aka raba ta biyu da ta farko, a nan 5.25, an sami kaurin hasken da ke isa ido. Ƙofar da ke tsakiyar baƙin idon matashi takan buɗe har kusan milimita 7 a duhu, ta dattijo kuwa takan tsaya wajen 5. Namun daji da asuba da almuru suke fitowa, saboda haka ƙaramin madubi mai lamba 10x25, wanda ke ba da 2.5 kacal, yakan dushe a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Mai saye yakan ruɗu da babbar lamba, alhali kowane ƙarin ninki yana da farashi. Fagen gani na ƙuntata, rawar hannu na ƙaruwa, kuma abin da ya haura ninki 10 da wuya ya tsaya cak ba tare da madogari ba. Ninki 10 ya dace da buɗaɗɗen fili irin na Serengeti. A daji mai itatuwa da doguwar ciyawa kamar Yankari, inda gwanki kan ɓullo kusa ya ɓace nan take, ninki 8 mai faɗin gani ya fi amfani. Akwai kuma abin da littattafan Turai ba su cika ambata ba: hazon hunturu da kawalwalniyar tsakar rana. Madubi na jawo su tare da abin da ake kallo, don haka ƙarin ninki ba ya ratsa su. Abin da ya fi cancantar kuɗin mai saye shi ne gilashi mai shafi mai kyau, da jiki rufaffe ruf wanda ƙura da raɓa ba sa shiga.

Maharban da sun san cewa ba a sakin kibiya sai an tabbatar da abin da ke gaba, domin motsi a duhuwa na iya zama barewa, na iya zama makiyayi. Madubi ƙari ne ga wannan tsohuwar ƙa'ida. Bambancin kawai shi ne, a Arewacin Nijeriya na yau mafi yawan masu riƙe da shi bisa halal ba su ɗauke da niyyar harbi: ma'aikacin gandun daji ne mai ƙirga giwaye, ko ɗalibi mai nazarin tsuntsayen dausayin Haɗeja da Nguru, ko magidancin da ya kai 'ya'yansa su ga abin da kakanninsu suka bi sawunsa. Yaron da ya tashi a Tsanyawa ya san giwa a karin magana da tatsuniya. Ko zai gan ta da idonsa, wannan ya rataya ne ga yadda aka tsare ɗan abin da ya rage a Yankari.