Masu Ƙorafi da Masu Shiru: Tarihin Wayar Hannu a Mafara, Bakura da Maradun

 

Duk wanda ya tashi rubuta tarihin wayar hannu a Najeriya, ya kuma dogara ga abin da aka rubuta kawai, zai ɗauka shekara ashirin da 'yan kai muka yi muna baƙin ciki da ita. Kira na yankewa, kati na ƙonewa, data ba ta auki, waya na zafi, hoto ba ya fita. Amma wanda ya shiga kasuwar Talata Mafara ranar Talata, ya tambayi mai sayar da shinkafa ko dillalin awaki yaya wayarsa, amsar da zai fi ji ita ce alhamdu lillahi. Waya iri ɗaya, layi iri ɗaya, amma baki biyu. Wa ke da gaskiya? Bari mu bi tarihin daga tushe, domin amsar ta shafi sana'armu ta rubutu.

Yawancinmu ba mu yi wayo ba lokacin da babu waya a aljihu. Kafin 2001 galibi wayar tangaraho ce, a hannun NITEL, kuma layukan da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. An ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, amma bayan haka ma mutumin Bakura da ke da ɗa a Kano ko Legas wasiƙa yake bayarwa a tasha, ko ya yi sallahu, ko ya aika gaisuwa gidan rediyo. Idan rasuwa aka yi, sai a tashi mutum takanas. Sau da yawa kafin labari ya isa an yi sadakar uku.

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. Zuwa watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi ɗaya ya kai naira dubu ashirin, a lokacin da mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake naira 5,500. Minti ɗaya naira hamsin ne, kuma ko gaisuwa ka yi ka kashe, an ci kuɗin minti cikakke.

A nan ƙorafi ya fara, kuma dole mu ba masu shi haƙƙinsu. Ranar 19 ga Satumba 2003 dubban masu waya a manyan birane suka kashe wayoyinsu don nuna fushi kan tsada da rashin ingancin sabis. Makonni kaɗan kafin nan Globacom ya shigo kasuwa da lissafin daƙiƙa. Da matsin masu kuka da matsin kishiya suka haɗu, sauran kamfanonin ma suka bi sahu. To amma su wa suka kashe waya a ranar? Lauyoyi ne da 'yan jarida da 'yan kasuwar Legas da Abuja da Kano. Manomin Maradun ba ya cikinsu, don ba shi da wayar da zai kashe. Sai dai lokacin da sabis ya iso garuruwanmu, ya tarar da farashin da kukan waɗancan ya sauko da shi. Ya ci moriyar faɗan da bai san an yi ba.

Da turakun sabis suka fara tsayuwa a hedikwatocin ƙananan hukumomi, wayar da ta mamaye hannun talaka ita ce ƙaramar Nokia. Samfurin 1100 da ya fito a 2003 ya zo da 'yar tocila a ka, kuma an sayar da fiye da miliyan 200 a duniya. Mutanenmu suka raɗa wa irin waɗannan wayoyi suna rakani-kashi. Sunan na raha ne, amma ya faɗi gaskiyar abin da ake so a jikinta: ta haska hanya da dare, ta kwana uku ba caji, ta faɗi ƙasa a ɗauka a kakkaɓe. A garin da wutar NEPA ke yin kwanaki ba ta leƙo ba, wannan shi ne inganci. A zamanin ne aka koyi filashin, aka buɗe rumfunan buga waya ƙarƙashin lema, samari kuma suka riƙa raba dare saboda kiran dare na kyauta.

Daga nan sai 'yan Chana suka shigo, masu layi biyu da lasifika mai ƙara kamar ta masallaci. 'Yan birni suka yi musu dariya, suka ce jabu ne. Gaskiya ne da yawansu ba su da ƙarko. Amma layi biyu magani ne ga mutumin da wani kamfani ke kamawa a gidansa, wani kuma sai a gona. Ƙarar lasifika kuwa ita ta ba mai faskare da mai sussuka damar sauraren wa'azi ko waƙar Ɗanƙwairo hannunsa na kan aiki. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix, shi ya fi kowa gane wannan. Ya ƙara girman batir, ya bar layi biyu, ya gyara kyamara yadda za ta fitar da fuskar baƙar fata, ya kuma sauke farashi. Zuwa 2017 ya zarce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. A tsakanin nan an yi yayin BlackBerry a jami'o'i da ofisoshi, aka yi ta surutu a kanta, ta zo ta wuce, akasarin ƙauyukanmu ba su ma riƙe ta ba. Wayar da masana suka raina ita ce 'yan kasuwa ke sarowa kwali-kwali daga Farm Centre ta Kano zuwa Gusau da Mafara.

Idan muka duba da kyau, za mu ga ma'auni biyu ne ake aiki da su. Mai ƙorafi yana auna wayarsa da wadda ta fi ta: ya ga ta abokinsa, ya ji labarin sabuwar da ta fito a Dubai. Mai shiru kuma yana auna tasa da zamanin da babu ita: kuɗin motar da zai kashe zuwa Sakkwato don jin farashin albasa, ko kwanakin da zai yi bai ji muryar 'yarsa da ke aure a Zariya ba. Akwai kuma wani dalili. Wanda wayarsa ke aiki lafiya ba ya tashi ya sanar da duniya, kamar yadda mai lafiyar haƙori ba ya zuwa wurin wanzami ya ba da labari. Mutum goma masu jin haushi sun fi mutum dubu masu gamsuwa ƙara. Sannan shi ƙorafin da ke shiga takarda yana buƙatar boko da data da lokaci, abubuwan da ba a raba su daidai ba tsakanin birni da ƙauye, ko tsakanin maza da mata.

Shekarar 2021 ce ta gwada ma'aunan nan biyu a ƙasarmu. A watan Fabrairu aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Kwana biyu bayan haka, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a duk jihar, don a yanke sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. An ce mako biyu ne. An buɗe wa Gusau a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar mayar musu. A daidai lokacin kasuwannin mako ma a rufe suke.

A waɗannan watanni waya mai tsada da mai araha suka zama ɗaya, dukansu tocila da agogo. Masu POS suka rufe rumfa. Mutane suka koma ba direbobi wasiƙa kamar zamanin kakanni. Wasu suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa Funtuwa ko wajen Sakkwato don su buga waya ɗaya su dawo, kafin rufewar ta shafi wasu ƙananan hukumomin can su ma. Mai haƙuri na asibiti ba ya iya kiran ɗan'uwa ya turo kuɗin magani. Ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar neman ɗauki. Har yau ana muhawara a kan ko matakin ya yi amfani, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa. Abin da ba a musu a kai shi ne, babu wanda aka ji yana kukan kyamara ko nauyin waya a lokacin. Ashe alhamdu lillahin ɗan kasuwar Mafara ba ta rashin sani ba ce. Ya san abin da wayar ke yi masa, ya kuma san yadda rayuwa take idan babu ita.

Amma a nan ne ya kamata marubuci ya yi taka-tsantsan, kada ya ɗauki kowane shiru a matsayin gamsuwa. Waɗannan garuruwa uku sun taɓa koya wa Najeriya wannan darasi tun kafin zuwan waya. An gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, don noman rani a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. A takardun hukuma aikin ci gaba ne. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, da waɗanda aka hana shuka ana gyaran fili, sun daɗe suna kukan diyya, amma kukan bai shiga takarda ba. Da suka tare hanyoyin aikin, sai aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilun 1980, aka kashe mutane. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Wanda ya karanta rahoton ofis kawai kafin ranar, zai rantse kowa na murna.

Haka abin yake a harkar waya. Talaka na da nasa ƙorafin, sai dai ba irin na birni ba ne, kuma ba a wurin da ake rubutawa yake yin sa ba. Yana yin sa ne a shagon caji, inda yake biya kullum don janareto ko sola ta cika masa batir. Yana yin sa a benci gaban mai gyara, idan gilashi ya fashe aka ce kuɗin canji ya kusa rabin kuɗin wayar. Ya yi shi a dogon layin rajistar NIN, bayan umarnin Disambar 2020 na haɗa lambar da layin waya, lokacin da tsoho zai yi sammako daga ƙauye ya wuni bai samu shiga ba. Ya yi shi a farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya, ciniki ya koma taransifa, kuɗi ya fita daga asusun mai saye bai isa na mai sayarwa ba. Ya kuma yi shi a 2025 da aka amince wa kamfanoni ƙarin farashin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Matar da aka cire wa kuɗi don wata waƙar kira da ba ta nema ba, ba ta san ofishin da za ta kai ƙara ba. Ta faɗa wa maƙwabciyarta, magana ta mutu a tsakar gida.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce, kowanne ya faɗi gaskiya, amma rabi-rabi. Masu ƙorafi sun yi wa kowa aiki, kamar yadda 2003 ta nuna, sai dai ba su ne jama'a duka ba. Masu shiru sun fi yawa, kuma gamsuwarsu ta gaske ce, amma a ƙarƙashinta akwai kukan da ba wanda ya rubuta. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Me wannan ya koya mana, mu masu son riƙe alƙalami? Da yawa cikin littattafan Hausa da ake karantawa yau a WhatsApp da Wattpad, da babban yatsa aka buga su a kan Tecno ko itel mai fasasshen gilashi, a tsakanin girki da renon yara. Masu karanta mana ma irin wayar ke hannunsu, wasu kuma saurare suke yi daga memori don ba su iya karatun boko ba. Idan muka sa wa tauraron labarinmu iPhone alhali a Bakura yake noman shinkafa, mai karatu zai gane ba mu san shi ba. Idan muka tashi rubuta tarihi muka tsaya ga abin da masu baki suka bari a rubuce, za mu maimaita kuskuren rahoton Bakolori.

Shawararmu ga mai son gwada hannu a wannan mako ita ce, ya je shagon caji mafi kusa da shi bayan la'asar, ya zauna awa ɗaya, ya saurara. Ya tambayi dattijo ɗaya yadda aka sanar da shi rasuwar mahaifinsa, da kuma ranar da ya fara jin muryar ɗansa a waya. Ya tambayi wata uwa yadda ta yi a watannin da aka rufe sabis. Ya rubuta da kalmominsu, ya sakaya sunayensu. Waɗanda suka ga zamanin wasiƙa da na rakani-kashi da na rufe sabis suna nan da ransu, amma kullum raguwa suke yi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.